Maikro RNA da sankarar ƙashi: bayanin da ban iya yi wa Kawu a waya ba

Kwanaki wani dattijo maƙwabcinmu a nan Gadarif ta Sudan, wanda duk unguwa Kawu muke ce masa, ya turo min wani rubutu ta WhatsApp da aka juya zuwa Larabci, wai masu bincike sun gano wani ɗan mitsitsin abu a jikin mutum mai suna maikro RNA, in an zuba shi a kan ƙwayoyin sankarar ƙashi sai su daina yaɗuwa su mutu. Ko gama karantawa ban yi ba sai ga kiransa, yace "ɗana, kai da ka karanta muhtabarat, aikin gwaje-gwajen asibiti, wannan maganin ina ake samunsa, Masar ne ko Saudiyya? ko nawa ne dangi zasu haɗa." Jikansa ne ba lafiya, yaro ɗan shekara 15, dogo, ɗan ƙwallo, gwiwa ta fara masa ciwo aka ce buguwa ce ta fili, aka kai shi wajen basir, ya'ani mai ɗori, aka ɗaure aka shafa aka kwance aka sake ɗaurewa, sai da aka ci watanni kumburi yana ƙaruwa yaro baya barcin dare kafin aka je aka ɗauki hoto. Nace Kawu ku yi haƙuri, abin gaskiya ne amma ba magani bane tukuna. Shiru yayi, kuma shirun nan ya tsaya min a rai, domin na san amsar tayi gajarta ga mutumin da jikansa ke kwance. Shi yasa na zauna na rubuta dogon bayanin.

Mu fara da cutar kanta. Sunanta a likitance ostiyosakoma, kuma ita ce sankarar da tafi yawa cikin masu tasowa daga ƙashi kansa a yara da matasa. Ba cuta ce mai yawa ba, a shekara mutum 3 zuwa 5 ne cikin miliyan, amma tana da zaɓe, tafi kama yaro daidai lokacin da yake miƙewa, tsakanin shekara 10 da 20, kuma wurin da tafi so shine kusa da gwiwa, ƙarshen ƙashin cinya ko farkon ƙashin ƙwauri, sai kuma saman damtse kusa da kafaɗa. Ba haka kawai bane, nan ne ƙashi yafi saurin tsawo, nan ne ƙwayoyin da ke gina ƙashi suke ta rabuwa ba hutu, kuma inda ake yawan kwafi nan ake yawan kuskure. Ƙwayar ginin ce take lalacewa, ta cigaba da zuba ɗanyen ƙashi marar tsari ba tare da an sa ta ba. In ta tashi ƙaura kuwa huhu take nufa, kuma mutum 15 zuwa 20 cikin 100 ranar da aka gano cutar an riga an ga alamarta a huhu.

Toh ina maikro RNA ya shigo?

Jikinka ƙwayoyin halitta ne, abin da muke cewa haliyya a makaranta, 'yan uwanmu na Najeriya su ce sel. Kusan kowane sel yana ɗauke da kundi guda na gado, DNA kenan, kuma kundin iri ɗaya ne a sel na ido da na hanta da na ƙashi, babi kusan 20,000 masu bayanin yadda ake haɗa furotin. Kundin baya fita daga ɗakinsa, sai dai a kwafi babin da ake buƙata a wata 'yar takarda a aika wa masu aiki a waje, wannan takardar ita ce RNA ɗan saƙo. Shekara da shekaru masana suna ɗauka cewa in dai an rubuta takardar an aika to magana ta kusa ƙarewa. Sai a 1993 wasu Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, kowa da ɗakin bincikensa, suna aiki kan wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, suka ga wani babi mai suna lin-4 wanda baya haifar da furotin kwata-kwata, abin da yake fitarwa ɗan guntun RNA ne mai harafi kamar 22, shi kuma guntun nan sai yaje ya manne wa takardar wani babin, lin-14, ya hana a karanta ta. Mutane suka ce ai wannan al'adar tsutsa ce, ba ruwan ɗan Adam. Sai a 2000 ɗakin Ruvkun ya samo na biyu, let-7, aka duba aka ga yana jikin ƙuda, yana jikin kifi, yana jikinmu. Yau an san mutum yana da irinsu sama da 1,000, kuma a Oktoban 2024 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Yadda ake ƙera shi ma abin kallo ne. Ana fara kwafo shi dogo, ya naɗe kansa kamar an lanƙwasa tsinke biyu, wani almakashi mai suna Drosha ya datse shi a cikin ɗaki, a fito da shi waje wani almakashin mai suna Dicer ya ƙara datsewa, sannan a ɗora ɗan guntun a kan wani furotin da ake kira Argonaute, su biyun su shiga sintiri. Abin da ya kamata ka riƙe shine ba sai duka haruffa 22 sun dace da takardar ba, haruffa 6 zuwa 8 na farkonsa sun isa ya kama. Saboda haka maikro RNA ɗaya yana iya kama takardu ɗaruruwa daban daban, takarda ɗaya kuma maikro RNA da yawa suna iya kama ta. In ya kama, ko a rage karanta takardar ko a yage ta da wuri.

Ni da na tashi a Jazira, yankin noman ban ruwa, kusa da Madani kafin yaƙi ya koro mu nan a Disambar 2023, duk lokacin da nake son fahimtar wannan abu gafir nake tunawa, mai kula da ƙofofin ruwa. Madatsar Sinnar tana nan, babban kanal yana nan, ruwa yana bin ƙananan magudanai, tur'a ya shiga abu ishirin ya shiga abu sitta, ya kai hawasha, ya'ani gona. Gafir baya gina madatsa baya rushe ta, ƙofa kawai yake ɗagawa kaɗan ya sauke kaɗan, amma duk wanda ya taɓa noma a can ya san hannun nan nasa shi ke raba gonar da tayi kyau da wadda ruwa ya kwanta a ciki ta ruɓe. Haka maikro RNA yake, yawanci baya kashe babi ɗungurungum, ragewa yake yi, sai dai ragewar tana faɗawa ƙofofi da yawa lokaci guda.

Alaƙarsa da sankara an fara ganinta a 2002, lokacin da George Calin da Carlo Croce suka gano cewa a wata sankarar jini ta manya, wani yanki na kundin da ke yawan ɓacewa ashe maikro RNA biyu ne a ciki, miR-15 da miR-16, daga baya aka ga aikinsu shine rage wani furotin mai suna BCL2 wanda ke hana sel mutuwa. Gafir ya tafi, ƙofar "kar ka mutu" ta zauna a buɗe. Daga nan aka bazama ana dubawa a kowace sankara, har aka zo kan ta ƙashi.

A sankarar ƙashi, wanda nafi so mutane su gane shine miR-34a, saboda shi ke haɗa manyan masu gadi biyu da cutar tafi karyawa. Na farko p53, shi ne in kundi ya samu rauni yake tsayar da sel yace a gyara, in gyara ya gagara yace sel ya kashe kansa. Na biyu RB, shi ke riƙe ƙofar rabuwa, sel baya rabuwa gida biyu sai an sake shi. Dangin da suka gaji lalataccen p53, abin da likitoci ke kira Li-Fraumeni, da yaran da suka gaji lalataccen RB masu sankarar ido tun suna jarirai, duka biyun haɗarin ostiyosakoma ya fi yawa a kansu, wannan tabbatacce ne. Toh a 2007 ɗakunan bincike da dama suka nuna cewa in p53 ya tashi aiki, cikin yaran da yake aikawa akwai miR-34a, shi kuma yana rage CDK4 da CDK6, waɗanda aikinsu kenan su ture RB daga bakin ƙofa, yana rage BCL2 ɗin can, yana rage MET mai sa sel tafiya da kutsawa cikin nama. Ka ga kenan in p53 ya faɗi, miR-34a yayi ƙasa, masu ture RB suka yi yawa, mai hana mutuwa yayi yawa, mai sa tafiya yayi yawa, duk daga faɗuwar abu ɗaya. Kuma an auna an gani, a naman ostiyosakoma miR-34a yana ƙasa da yadda yake a lafiyayyen ƙashi, in an mayar da shi cikin sel ɗin a kwanon gwaji rabuwarsu tana raguwa.

Akwai kuma na ɗaya ɓangaren, waɗanda yawansu ne masifa. Shahararren cikinsu miR-21, kusan duk sankarar da aka duba an same shi ya hau. Shi masu tsawatarwa yake ragewa, irin su PTEN da PDCD4, da wani mai suna RECK wanda aikinsa hana sel narka naman da ke kewaye da shi. Sai wani gungu da ake kira miR-17-92 wanda furotin MYC ke kunnawa, MYC kuwa sananne ne wajen ingiza sel ya yi ta rabuwa, kuma a ostiyosakoma ana yawan samun babinsa an kwafe shi fiye da kima. Wani abin da ya ƙara ɗaure kai, akwai wasu maikro RNA a kan kromosom na 14, ya'ani ɗaya daga cikin ƙunshin da kundin ya kasu, da ke danne MYC ɗin, su kuma an same su sun ragu a cutar. Ya'ani mai danne shi ya ragu, shi ya hau, ya kunna wasu da ke danne masu tsawatarwa, zagaye kenan mai ciyar da kansa.

Amma wallahi abin da yafi taɓa ni shine maganar huhu, domin ƙafa ba ita ke kashe yaran nan ba, huhu ne. A 2011 masu bincike a Japan suka kwatanta sel ɗin ostiyosakoma masu zuwa huhu da 'yan uwansu marasa zuwa, suka ga miR-143 ya faɗi sosai a masu zuwan. Da suka riƙa yi wa ɓeraye masu cutar allurarsa, kumburin asali bai fasa girma ba, amma yaɗuwa zuwa huhu ta ragu ƙwarai, kuma suka danganta abin da wani furotin mai narka nama, MMP-13. Haka ma miR-183, an nuna yana rage ezrin, ezrin kuwa tun 2004 aka nuna yana taimakon sel ɗin cutar su rayu in sun sauka a huhu, an ga haka a ɓera da kare da yara. Eh kare, manyan karnuka suna kamuwa da wannan cuta fiye da mutane nesa ba kusa ba, kuma tasu tana kama da tamu sosai. Har maganar kimawi, ya'ani maganin kashe sel ɗin sankara, ya daina ci ma an samu hannunsu a ciki, miR-140 da miR-221 suna cikin waɗanda aka nuna a kwano suna sa sel ya jure magani.

Duk wannan gaskiya ne, toh me yasa nace wa Kawu ba magani bane?

Dalili na farko, galibin abin da ka karanta a sama a kwano aka yi shi ko a ɓera. Sel ɗin da ake gwaji da su ma tsofaffi ne, U2OS daga wata yarinya 'yar shekara 15 aka ɗauke shi a 1964, Saos-2 daga 'yar shekara 11 a 1973, Allah sarki, sun shekara sama da 50 suna rabuwa a roba, babu jini babu garkuwar jiki babu ƙashi a kewaye da su. Kashe sel a kwano ba wuya, ko gishiri ka cika zai mutu, wuyar ita ce ka kashe shi a jikin yaro ka bar yaron. Ga shi ostiyosakoma ba irin sankarar nan bace mai kuskure ɗaya da za a nuna da yatsa, kundinta a hargitse yake, wani lokaci kromosom guda ya farfashe a sake ɗinke shi a birkice, har ya zama cutar yaro biyu masu kumburi iri ɗaya a gwiwa ɗaya ba ɗaya bace a ciki. Kuma jiki yana da madadi, an taɓa cire dangin miR-34 gaba ɗaya daga ɓeraye aka ga p53 nasu yana cigaba da yawancin aikinsa, ya'ani gafir ɗaya ya tafi wasu sun riƙe ƙofar.

Na biyu, isar da shi. RNA tsirara in ya shiga jini narkar da shi ake yi nan da nan, sai an naɗe shi a ƙwayar kitse, in an naɗe kuma yawanci hanta ce ke kwashewa, bai kai ƙashi ba balle ƙananan ɗigon da ke huhu. Kuma ƙarfin nan nasa na taɓa ƙofofi ɗari shine haɗarinsa, ba ka da tabbacin ƙofar da zai rufe a lafiyayyen sel. An gwada fa, ba a zauna ba. A 2013 wani kamfani a Amurka ya fara gwajin MRX34, kwaikwayon miR-34a ɗin nan da na yaba, a kan manya masu sankarar da ta yi nisa, wasu kaɗan kumburinsu ya ja baya, amma a 2016 aka tsayar da gwajin saboda garkuwar jikin wasu ta harzuƙa ta juyo kansu, mutum 4 suka rasu. Har yau babu maganin maikro RNA ko ɗaya da aka amince a ba mai sankara, ta ƙashi ko wata. Wani ɗan uwansa dai, nau'in ƙaramin RNA da ake ƙerawa don ya kama takarda ɗaya tak, ya samu shiga a 2018 da maganin patisiran na wata cutar gado, kuma ka lura shi ma hanta yake nufa, inda kitsen ke zuwa da kansa.

Na uku kuma yana min ciwo in faɗa amma dole. Wannan fanni ya cika da takardun bogi. Salon rubutun yana da sauƙin kwaikwayo, maikro RNA kaza yana hana sankara kaza ta hanyar furotin kaza, sai wasu 'yan kasuwa suka mayar da shi sana'a suna sauya lamba suna sayar wa masu neman ƙarin girma a aiki. Wata farfesa a Sidni ta Ostareliya, Jennifer Byrne, ta bi irin waɗannan takardu ta riƙa samun jerin haruffan da aka ce an yi gwaji da su basu ma dace da babin da ake magana ba, kuma mujallu sun janye takardu masu yawa saboda hoto ɗaya ya fito a bincike daban daban. Don haka in ka ga kanun labari irin wanda aka turo wa Kawu, tambayar farko ita ce a kwano ne ko a mutum, ta biyu kuma wani ɗakin bincike daban ya maimaita ya samu haka?

Inda nake ganin amfaninsa zai riga zuwa shine awo, kafin magani. Tun 2008 aka nuna maikro RNA yana yawo a jini baya saurin lalacewa, wani a cikin 'yan ƙananan jakunkuna da sel ke fitarwa, wani a manne da furotin. In an samu tsarin da zai nuna tun farko wane yaro ne kimawi zai yi masa aiki, wane ne cutarsa ke shirin komawa huhu, ba ƙaramin abu bane, domin yanzu sai an yi kamar sati 10 ana kimawi an yi tiyata an duba naman, in kashi 90 cikin 100 ya mutu ace ya karɓa da kyau. Amma a matsayina na wanda ya riƙe sirinji da kwalbar jini, nasan wahalar, jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-16 da miR-451, in suka fashe wajen ɗiba ko zafi ya bugi kwalbar a hanya sakamako ya gurɓace, ga buƙatar firiza mai tsananin sanyi da na'urar PCR mai auna shi da wutar da bata yankewa. miR-21 kuma da yake hawa a cututtuka barkatai, hawansa kaɗai baya ce maka ƙashi ne.

Abin da ke hannu yau tsoho ne amma yana aiki. Kafin shekarun 1970, yanke ƙafa kawai ake yi, kuma duk da yankewar waɗanda ke tsira basu kai 20 cikin 100 ba, saboda cutar ta riga ta aika 'ya'yanta huhu ba a gani. Da aka haɗa tiyata da magunguna uku, methotrexate da doxorubicin da cisplatin, sai masu tsira suka kai 60 zuwa 70 cikin 100 in cutar bata bazu ba, in ta bazu kuwa 20 zuwa 30. Tun shekarun 1980 lissafin nan bai motsa sosai ba, wani babban gwaji na Turai da Amurka mai suna EURAMOS-1 da ya ɗauki marasa lafiya sama da 2,000 ya gwada ƙara magunguna bai ga ƙarin tsira ba, wannan tsayawar ce ma tasa masana suka koma leƙen abubuwa irin maikro RNA. Dubi tazarar da ke tsakanin 70 da 30 ɗin nan, a wurinmu sau da yawa watannin da aka yi ana ɗori ne, da kuma hanya, domin manyan wuraren maganin sankara da muka sani, asibitin Zarra na Khartum da cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira a Madani, duk yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya taɓa su, mutane suka koma neman kimawi gari gari. Ni bana zagin basir, karaya da targaɗe sun san aikinsu kuma sun taimaki iyayenmu, amma ciwon gwiwar matashi da ya wuce sati uku ko huɗu, yana tashinsa da dare, ga kumburi mai tauri, wannan hoton ashi'a, ya'ani X-ray, yake so kafin kowa ya taɓa, kuma murza wurin da ƙarfi yana iya karya ƙashin da cuta ta riga ta cinye.

Da yamma na je gidan Kawu da kaina na zauna na yi masa bayanin nan da misalin gafir, shi ma tsohon manomin Jazira ne, ya gane tun kafin na ƙarasa. Yace "toh ɗana, kenan sun ga ƙofar, hannun da zai kai gare ta ne babu." Nace haka ne Kawu, kuɗin da dangi zasu haɗa ku sa su a kimawin da aka fara da hoton huhu da abinci mai kyau, kar a tsallake zagaye ko ɗaya. Muna cikin magana uwar yaron ta leƙo daga ɗaki tace ƙaninsa ma kwana biyu yana cewa ƙafa na masa ciwo, washegari da sassafe muka kai shi aka ɗauki hoto, likita ya duba yace ƙashi lafiya lau, alhamdulillah. Shi kuma yayan nasa, ranar Lahadi zai koma karɓar zagaye na gaba, gashin kansa ya zube, amma ya fara barcin dare.